Sauya Launin Gashi da Haɗarin da ke Cikinsa

Idan kun taɓa zagayawa cikin garin Potiskum a daren jajibirin Salla, kun san yadda shagunan aski suke cika maƙil. Samari na zaune a kan benci suna jiran layi, injin aski na ta aiki, janareta na ruri a bakin ƙofa. A cikin gidaje kuma 'yan mata sun baje a kan tabarma, wasu ana yi musu kitso, wasu ana yi musu ƙunshi. Kwalliya tsohuwar al'ada ce a wannan gari da Ngizimawa da Karekare da Bolawa da Fulani da Hausawa suke zaune tare a cikinsa.

A 'yan shekarun nan wani sabon ado ya shigo. Za ku ga saurayi ya fito daga shago saman gashinsa ya koma ruwan ɗorawa, kamar na wani ɗan ƙwallo da ya gani a talabijin. Za ku ga amarya an mayar mata da jelar gashi ruwan zuma. Kafin a sami wannan launi, sai an fara kashe baƙin gashin da wani magani mai ƙarfi, wanda jama'a suke kira bilicin ɗin gashi. A wannan darasi za ku ga yadda maganin yake aiki, da ɓarnar da yake iya yi wa gashi da fata da ido da huhu. Za ku kuma koyi abin da ya kamata ku yi idan tsautsayi ya auku.

Yadda aka gina gashi

A kan mutum akwai silin gashi kimanin dubu ɗari. Kowane sili yana tsirowa ne daga wata 'yar saiwa da ke cikin fatar kai. Saiwar tana da rai, jini yana kai mata abinci. Silin da kuke gani a waje kuwa ba shi da rai, shi ya sa ba ku jin zafi idan ana yi muku aski. Gashi yakan ƙaru da kimanin santimita ɗaya a kowane wata.

Idan aka duba sili ɗaya da madubin likita, za a ga yana da ɓawo a waje. Ɓawon nan hawa-hawa yake, kamar yadda ake jera ciyawa a jinkar ɗaki domin kada ruwa ya shiga. A ƙarƙashin ɓawon akwai tsokar gashi, wadda aka gina da wani sinadari mai ƙarfi da ake kira keratin. Shi ne kuma ya gina farcenku. A cikin tsokar ne ake samun ƙananan ƙwayoyin launi da ake kira melanin. Yawan melanin shi ke sa gashinmu baƙi wuluk. Idan mutum ya manyanta, saiwa ta rage yin melanin, sai furfura ta fito.

Ku lura da wannan: launin gashi a ciki yake, ɓawo ya rufe shi. Sabulu ba ya kai wa gare shi. Duk maganin da zai cire launin nan, dole ne ya fasa ɓawon tukuna.

Abin da ke cikin maganin

Maganin yakan zo kashi biyu, gari da ruwa, waɗanda ake kwaɓawa a lokacin da za a shafa. Ruwan yana ɗauke da wani sinadari mai suna haidurojin feroksaid. Wataƙila kun san shi, domin irinsa ne ake zubawa a kan rauni ku ga yana kumfa. Wani masani Bafaranshe, Louis Jacques Thénard, shi ya gano shi a shekarar 1818, kuma tun a ƙarni na 19 Turawa suka fara washe gashinsu da shi. Garin kuma yana ɗauke da wani gishiri da ake kira fasalfet, wanda ke ƙara wa ruwan ƙarfi. Sau da yawa akan ji warin amoniya mai hawa kai idan an kwaɓa su.

Masana suna da ma'auni daga 0 zuwa 14 da suke auna tsami da kaifin abubuwa. Ruwan sha yana wajen 7. Abin da ya yi ƙasa da 7 mai tsami ne, kamar lemon tsami. Abin da ya haura 7 mai kaifi ne, irin kaifin kanwa da ruwan toka da soda. Fatar kai da gashi suna wajen 5. Maganin bilicin kuwa yana kai wa 10 ko 11. Kun san yadda kanwa take sa wake ya yi laushi da wuri a tukunya. Kun kuma ji yadda majema suke jiƙa fatar dabba a ruwan toka domin gashinta ya saki. To, haka kaifin maganin yake kumbura silin gashi ya ɗaga ɓawonsa. Da ɓawo ya buɗe, sai feroksaid ya shiga ya farfasa melanin.

Baƙin gashi ba ya komawa fari nan take. Yakan fara komawa ruwan ƙasa, sa'an nan ja, sa'an nan ruwan goro, daga bisani ruwan ɗorawa. Saboda haka mai baƙin gashi irin namu yana buƙatar magani mai ƙarfi da lokaci mai tsawo fiye da Bature mai gashi ruwan ƙasa. Maganin kuma bai san bambancin gashi da fata ba. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Abin da ya iya narkar da launin da ke cikin gashi zai iya cin naman da ke ƙarƙashinsa.

Ƙarfi da lokaci da zafi

Abubuwa uku ne suke sa maganin ya tsaya a kan gashi ko ya wuce zuwa fata.

Na farko shi ne ƙarfinsa. A jikin kwalbar ruwan za ku ga ɗaya daga lambobin nan: 10 ko 20 ko 30 ko 40. Lamba 10 tana nufin feroksaid kashi 3 cikin ɗari. Lamba 20 kashi 6 ce, lamba 30 kashi 9, lamba 40 kuma kashi 12. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana a wuce kashi 12 a kayan gashi. Ƙwararrun masu gyaran gashi sukan tsaya a lamba 20 idan maganin zai taɓa fatar kai. Amma mai shagon da layi ya yi masa yawa yakan ɗauki lamba 40 domin a gama da wuri.

Na biyu shi ne lokaci. Kowane kamfani yana rubuta iyakar mintocin da maganin zai yi a kai, kuma galibi ba su kai awa ɗaya ba. Wasu sukan bar shi ya daɗe fiye da haka domin launi ya fita sosai. Wasu kuma sukan wanke su sake shafawa a rana guda. Duk mintin da aka ƙara, fata ce take biyansa.

Na uku shi ne zafi. Zafi yana sa maganin ya yi aiki da sauri, shi kansa kuma yana fitar da ɗumi yayin da yake aiki. Wannan ya shafe mu ƙwarai. A Potiskum, daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan kai digiri 40. Ku ɗauka an shafa wa saurayi magani a cikin shagon kwano da tsakar rana, aka ɗaure masa kai da baƙar leda, aka ce ya fita ya zauna a rana domin ya kama da wuri. A irin wannan hali ƙarfi da lokaci da zafi sun haɗu a kan fata ɗaya. Haka abin yake ga macen da aka naɗe wa gashi da takardar gwangwani aka sa ta a ƙarƙashin injin busar da gashi.

Ɓarnar da yake yi wa gashi da fatar kai

Ɓarna ta farko a kan gashin take. Maganin da ya farfasa melanin yana kuma tsinka igiyoyin da suka riƙe keratin. Sai gashi ya bushe, ya yi kaushi kamar soso. Idan ya jiƙe yakan miƙe kamar danƙo, idan ya bushe ya riƙa karyewa a bakin mataji. Gashinmu na Afirka murɗaɗɗe ne, kowace murɗa kuma wuri ne mai rauni, saboda haka ya fi saurin karyewa. A lokacin hunturu, idan iska ta bushe, abin yakan ƙara muni. Silin da ya lalace ba ya warkewa, tun da ba shi da rai. Mai yakan sa shi laushi na ɗan lokaci, amma maganinsa na gaskiya shi ne almakashi da haƙurin jiran sabo.

'Yan mata su kula da wani abu musamman. Man miƙar da gashi, wanda ake kira rilaksa, ya ma fi bilicin kaifi, kuma shi ma igiyoyin keratin yake tsinkawa. Idan aka shafa bilicin a kan gashin da aka miƙar da rilaksa, gashin yana iya gutsurewa ya zube a cikin bahon wanki. Haka nan akwai wasu rinin gashi masu ɗauke da gishirin ƙarfe. Idan feroksaid ya same su a kan gashi, yakan tayar da zafi mai tsanani har gashi ya ƙone.

Ɓarna ta biyu ta fi wannan muni, wato ƙunar fatar kai. Takan fara da ƙaiƙayi da raɗaɗi. Daga nan fata ta yi ja, ta kumbura, ta yi bororo. Wani lokaci ba a ganin girman ƙunar sai bayan kwana biyu ko uku, idan wurin ya fara ruwa gashi ya manne da shi. Mai ƙuraje ko makero ko amosani mai sa susa ya fi shiga haɗari, haka ma wanda aka yi wa gyaran fuska da reza a ranar, domin ƙofa a buɗe take. Idan ƙuna ta tsaya a sama, fata takan warke gashi ya dawo. Idan kuwa ta yi zurfi ta kashe saiwa, wurin zai zama tabo, kuma gashi ba ya tsirowa a kan tabo har abada. Yaro ɗan shekara 15 yana iya samun sanƙon da zai zauna da shi har tsufansa saboda kwalliyar Salla ɗaya.

Akwai wata magana da ake yawan faɗa a shaguna, wai idan ya yi zafi to yana aiki ne, a daure. Kada ku yarda da ita. Zafi saƙo ne daga fata cewa ana cin ta.

Ido da numfashi

Ido ya fi fatar kai laushi nesa ba kusa ba. Abu mai kaifi irin wannan, idan ya faɗa ido, yana ratsa shi cikin mintoci kaɗan, yana kuma iya barin farin tabo a kan baƙin ido. Gumi kaɗai ya isa ya gangaro da maganin daga goshi zuwa ido. Saboda haka ba a shafa bilicin ko rinin gashi a gira ko gashin ido. A shekarar 1933 an yi ta sayar da wani rinin gira da gashin ido mai suna Lash Lure a Amurka. Mata da dama suka makance ta dalilinsa. Wannan na cikin abubuwan da suka sa majalisar ƙasar ta yi dokar abinci da magunguna da kayan kwalliya a 1938. Kun ga inda karin maganar nan ta Hausa ta tabbata, garin neman gira an rasa ido.

Garin fasalfet kuma yana tashi kamar ƙura idan ana aunawa ko kwaɓawa. Wanda ya shaƙe shi yana iya yin atishawa da tari da yoyon hanci. Likitoci sun tabbatar cewa fasalfet na cikin manyan abubuwan da ke jawo wa masu gyaran gashi ciwon fuka, wato asma. Wasu mutane kuma jikinsu ba ya karɓarsa sam. Da ya taɓa su sai borin jini ya taso, jiki ya yi rudu-rudu, leɓe da fatar ido su kumbura. Idan abin ya tsananta, numfashi yakan yi wuya, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Wannan yana iya faruwa cikin 'yan mintoci.

Rini da dayis

Bayan an washe gashi, sau da yawa akan bi shi da rini domin a sami launin da ake so. Dattawa ma sukan shafa baƙin rini su ɓoye furfura. Yawancin rinin da ba ya fita da wanki yana ɗauke da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da haruffan PPD. Wannan sinadari ya yi ƙaurin suna wajen tayar da borin fata. Shi ne ma ke cikin rinin girar nan na Amurka. Abin mamaki game da shi, mutum yana iya shafa shi sau da yawa lafiya ƙalau. Rana ɗaya sai jiki ya ƙi shi, fuska ta kumbura har ido ya rufe. Daga ranar kuma jikin ba zai sake karɓarsa ba muddin rai.

A nan ne ƙunshi ya shigo cikin maganar. Lalle na asali ganye ne, ja yake bayarwa ko ruwan goro, kuma sai ya daɗe kafin ya kama. Iyayenmu sun yi shekaru aru-aru suna amfani da shi a hannu da ƙafa da gemu. Baƙin ƙunshin da ake yi da dayis kuwa, wanda yake kamawa nan da nan, galibi PPD ne yake ba shi baƙi. Yarinyar da hannunta ya taɓa yin ƙuraje ko bororo bayan ƙunshin dayis, jikinta ya riga ya yi mata gargaɗi. Idan ta shafa rini a kai, abin da zai biyo baya yana iya fin na farko tsanani.

PPD guba ce idan aka haɗiye ta. Asibitoci a Sudan da Maroko da Indiya sun ga mutane da yawa da suka sha ta. Maƙogwaro da harshe sukan kumbura su toshe numfashi, fitsari ya koma baƙi, ƙoda ta daina aiki. Ba ta da makari. Saboda haka kada a ajiye dayis ko rini ko ruwan bilicin a cikin robar lemo ko kofin shan ruwa, kuma a ɗaga su sama inda ƙannenku ba za su kai ba.

Masu sana'ar ma suna cikin haɗari

Wataƙila a cikinku akwai masu koyon aski ko gyaran gashi bayan an tashi daga makaranta. Wanda ya zo gyara sau ɗaya yake haɗuwa da maganin, ku kuwa kullum ne. Hannun da ke kwaɓa magani ba safa yakan bushe, ya tsattsage, farce ya lalace. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke birnin Liyon a Faransa, tun 1993 ta sanya sana'ar gyaran gashi da aski cikin ayyukan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji, saboda yawan cuɗanya da sinadarai. Wannan ba ya nufin ku bar sana'a. Yana nufin ku sa safar hannu ta roba, ku rufe hanci yayin kwaɓa gari, ku buɗe ƙofa da taga. Ku kwaɓa a kwanon roba, domin ƙarfe yana ɓata maganin. Kada ku rufe kwaɓaɓɓen magani a cikin kwalba, domin iskar da yake fitarwa tana iya fasa ta. Ku ajiye garin a busasshen wuri mai inuwa, nesa da fetur ɗin janareta, saboda fasalfet yana ƙara wa wuta ƙarfi.

Kafin a saya, kafin a shafa

Potiskum mahaɗar hanyoyi ce. Motocin Kano da Maiduguri da Bauchi da Gombe da Gashuwa duk a nan suke haɗuwa, kasuwar shanunta kuma na cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Inda kasuwanci ya bunƙasa haka, kaya mai kyau yana shigowa, marar kyau ma yana biyo shi. Wani lokaci akan sayi babbar roba a ƙulla garin a 'yan ledoji, a ɗura ruwan a kwalaben da ba rubutu. Wanda ya sayi irin wannan bai san ƙarfinsa ba, bai san mintocinsa ba, bai san ranar da zai lalace ba. Araha ba ta ado.

Gwamnatin Nijeriya ta kafa hukumar NAFDAC a shekarar 1993 domin kula da ingancin abinci da magunguna da kayan kwalliya. Duk kayan shafe-shafen da aka yi wa rajista suna ɗauke da lambarta. Ku nemi wannan lamba a jikin kwali, tare da sunan kamfani da jerin abubuwan da aka haɗa da ranar ƙarewar aiki.

A kan kwalayen rinin gashi na Tarayyar Turai doka ta tilasta a rubuta cewa ba a yi shi domin wanda bai kai shekara 16 ba. Da yawa daga cikinku ba ku kai ba, saboda haka abin da ya fi muku shi ne ku bar shi. Wanda ya girma kuma ya ga lalle sai ya yi, to ya yi gwaji tukuna. Ya shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ko lanƙwasar hannu kamar yadda takardar ta nuna, ya jira awa 48. Idan wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, ya haƙura. Kada ya shafa a kan rauni. Ya sa agogo a gabansa. Tambaya kuma ba rashin kunya ba ce, in an yi ta da ladabi. Saurayi yana iya cewa mai aski, "Don Allah Maigida, lamba nawa ce a jikin kwalbar?" Budurwa tana iya cewa, "Anti, na sa rilaksa a watan jiya, ba zai cutar da ni ba?" Mai sana'ar kirki ba ya fushi da irin wannan tambaya.

Taimakon gaggawa

Idan kai ya fara zafi, a wanke nan take da ruwa mai yawa, a yi ta kwarara shi har kimanin minti 20. Mutum ya ɗaga fuska sama, ruwan ya bi ta ƙeya, kada ya shiga ido. A cire rigar da maganin ya ɓata. Kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko manja ko gishiri a kan ƙunar, kada kuma a fasa bororo.

Idan ya shiga ido, a buɗe idon a yi ta zuba ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15. Kada a murza. Bayan haka a tafi asibiti ko da zafin ya lafa.

Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A wanke masa baki a garzaya da shi asibiti.

Idan fuska ko leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, wannan ba na kemis ba ne, ba kuma na jiran gobe ba ne. A nufi Babban Asibitin Potiskum ko asibiti mafi kusa. Idan ana buƙatar ƙarin kulawa, likitoci za su tura mutum gaba, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu. A tafi da kwalin maganin ko kwalbarsa domin likita ya san abin da zai yi wa magani.

Kammalawa

Kun ga cewa bilicin yana cire launin gashi ne ta hanyar lalata abin da ke cikinsa, kuma fata da ido da huhu suna kusa da wurin da yake wannan aiki. Yayi yakan wuce cikin 'yan watanni. Launin da aka sa yakan tafi da aski biyu ko uku, tabo kuwa yana nan. Man shanu da man kaɗanya da karkashi da lalle na asali sun daɗe suna gyara gashi a ƙasarmu. Idan wata Sallar ta zo abokinku ya ce ku raka shi a mayar masa da kai ruwan ɗorawa, ku gaya masa abin da kuka karanta a nan kafin ya hau kujera.

Ma'anar kalmomi

Jajibiri: ranar da take kafin ranar Salla.
Sili: ƙwayar gashi guda ɗaya.
Jinka: rufin ɗaki na ciyawa.
Majema: masu sana'ar gyara fatar dabba.
Bororo: kumburin fata mai ruwa a ciki.
Makero: cutar fatar kai mai cinye gashi a zagaye.
Borin jini: tashin jiki da ƙaiƙayi idan ya haɗu da abin da ba ya karɓa.
Makari: maganin da ke karya ƙarfin guba.
Yayi: abin da ake yi na ɗan lokaci sa'an nan a daina.

Tambayoyi

1. Me ya sa sabulu ba ya cire launin gashi?
2. Kawo abubuwa uku da ke ƙara haɗarin maganin bilicin.
3. Me lamba 30 take nufi a jikin kwalbar ruwan haɗi?
4. Don me gashi ba ya dawowa a inda ƙuna ta yi zurfi?
5. Mene ne bambancin lalle na asali da dayis?
6. Bayyana abin da za a yi idan maganin ya shiga ido.
7. Yi bayanin karin maganar "garin neman gira an rasa ido", sa'an nan ka yi jumla da ita.

Aikin yi

Ku samo kwalin man gashi ko na shafawa daga gida. Ku rubuta sunan kamfaninsa da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa a littafinku. Bayan haka kowa ya rubuta wa ƙaninsa ko ƙanwarsa wasiƙa mai layi goma, ya ba da shawara a kan sauya launin gashi.